Sunan Da Mammi Ba Ta Kira Ba

Papita Didi ba sunanta ke nan ba fa, sunanta Perpetua, to wa zai iya faɗin wannan a ƙauyenmu? Ranar da ta sauko daga bas da akwatinta na ƙarfe tsofaffi suka gwada suka gwada harshe ya ƙi, wata ta ce Papita, gwanda ke nan a harshenmu, aka ƙara Didi wato yaya, shi ke nan ya bi ta har yau. Ita ma in ta buga ƙofa cewa take, gwanda ce ta zo a fito da wuƙa.

Mutuniyar Goa ce, can bakin teku, Kirista, uwarta kifi take sayarwa kuma ita ke yi mata shela tun tana ƙarama, shi ya sa in ta ce a miƙo mata gishiri sai ka ɗauka gobara ake kira. Bhagirath na bayan makaranta shi ya auro ta, ya je can yana girki a otal ya dawo da ciwon gwiwa da mata. Ina ƙarama lokacin amma har yau ana ba da labarin kasuwarta ta farko, wai ta tsaya gaban mai tumatir ta buɗe maƙogwaro, Bhagirath! Bhagirath! zo ka riƙe min jaka! Mata suka toshe baki da mayafi, wata tsohuwa ta zauna a ƙasa. Mijinta fa, da sunansa, a tsakiyar kasuwa. Mu a nan mace ba ta kama sunan miji ko da wasa, an ce kowane kira yana rage masa kwana. Aka zuba ido ana jiran Bhagirath ya faɗi, ga shi nan har yau yana cin abincin mutum biyu.

Shara da wanke-wanke take yi a ɗakin shan magani na ƙauye, ta daɗe a haka, sai wata shekara aka zo neman mata da za a koya wa aikin sauraron masu damuwa. Kowa ya ce wane irin aiki ne wannan, ba allura ba ƙwaya? Ita ta ce a sa ta. Ta ce lokacin da teku ya cinye yayanta uwarta ta zauna bakin ƙofa ta yi shiru har ta mutu, kuma duk unguwa aka yi ta kawo mata abinci ba wanda ya san abin da zai tambaye ta. Ta tafi birni ta yi kwas ta dawo da jaka shuɗiya da lambar wata likita da take kira kowane mako su tattauna. Maza suka sa mata likitar surutu. Mata kuma da rana su yi mata dariya, in an jima ka ga ɗaya ta bi ta baya wai ta je aron barkono, ta fito ido jajur amma tana tafiya da sauƙi. Har yau harshenmu bai zauna a bakinta ba, namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai, kuma ba ta damu ba.

To ni Rajni abin da ya haɗa ni da ita uwata Mammi ce, kuma Mammi ce ta ce in rubuta, ta ce ko wata tana can tana riƙe da irin nata.

Papa ya rasu cikin sanyi lokacin ban ruwan alkama. Yana jan tiyo da baya a gona, wayar wuta ta tsinke daga falwaya ta faɗo cikin ruwan bayansa, ya taka, shi ke nan. Mammi ce ta kai masa abincin rana, a gabanta aka yi. Aka fasa mata awarwaro aka goge jan tsagar kanta aka yi duk abin da ake yi wa matar mamaci, kowa ya yi kuka har maƙwabta, ita ko ɗigo ɗaya. Ta zauna kan gadon igiya ta juya wa bango fuska. Ba ta ci, ba ta wanka sai na ja ta, ɓaunarmu tana kuka nono ya cika ba ta ko waiwaya. Ni ke girki ni ke tatsa ni ke komai, ɗinkin da nake koyo ma na ajiye. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. In na sa mata roti, gurasarmu, a baki sai ta riƙe shi a kumatu kamar jaririya.

Sunan Papa Dalchand. Kun ga matsalar? Dal, miyar da muke ci safe da yamma, tana cikin sunansa, don haka tun da aka kawo Mammi gidan nan ba ta taɓa cewa dal ba, sai dai ta ce ɗora mai rawaya, sauke mai rawaya, mai rawaya ta yi gishiri. Mun saba har ni ma haka nake cewa a gida. Bayan rasuwar ko ƙanshinta ta ji sai ta rufe kai da bargo, na daina dafawa, muka koma dankali kullum dankali.

Tau-ji, yayan Papa, gidansa na jikin namu, shi ne babba yanzu. Ba mugu ba ne, ya yi kuka kamar yaro ranar, amma tsoro ya kama shi kada ta mutu a hannunsa a ce sun kashe matar ƙaninsa da yunwa. Ya kawo mai cire iska ya yi hayaƙin barkono ya buga ta da gashin ɗawisu, ba abin da ya motsa. Sai Tau-ji ya ce wannan iskar gona ce ta kama ta, da an gama yankan alkama zai ɗauko motar jif ya kai ta wani wurin bauta can nesa inda ake ajiye masu irin wannan. Na san wurin nan a labari. Matar mai niƙa an kai ta, ɗaure su ake yi a jikin ginshiƙi har iskar ta yi magana, ta yi watanni, da ta dawo ba ta gane 'ya'yanta ba. Na ce Tau-ji don girman ubanka kar ka kai ta, ya ce to ke ki ba ta abinci ta ci in gani.

Ranar na bar tukunya a wuta na ruga ɗakin shan magani ba takalmi. Papita Didi tana shan shayi, ta ce ka zauna yarinya ka sha ruwa tukuna, uwarka ba za ta gudu ba.

Zuwanta na farko kowa ya zo kallo. Tau-ji a kan kujera, matarsa, maƙwabta, yara a kan katanga. Didi ta durƙusa gaban Mammi ta kira ta da sunanta ta ce, "Kesar, kina samun barci?"

Tau-ji ya ce, "Tana barci."

"Kina jin nauyi a ƙirji?"

Tau-ji ya ce, "Babu nauyi, iska ce."

Didi ta juyo ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Yallaɓai, ke ce Kesar? Ban san kin yi gashin baki ba."

Yaran katanga suka kusa faɗowa. Tau-ji ya ce ai ga irinta nan, likitar surutu, in surutu magani ne da matarsa ta warkar da jihar nan kaf. Matarsa ta ce wa ya sa da ni? Didi ta ce to yanzu zan tambaye ta zancen mata, yaushe rabonta da ganin jininta na wata, wanda zai amsa wannan ma ya zauna. Kafin ta rufe baki tsakar gida ta zama wayam, Tau-ji har takalminsa ɗaya ya bari.

To a nan ne Didi ta tafka kuskure, ita da bakinta take faɗa. A kwas an koya musu wata dabara, a ajiye kujera ba kowa a kai, mai makoki ya ɗauka mamacin ne zaune ya yi masa magana. Ta jawo kujerar da Tau-ji ya bari ta ajiye gaban Mammi ta ce, "Ga shi nan zaune. Kira sunansa ki gaya masa abin da ke ranki."

Mammi ba ta motsa ba. Na ce Didi ai ba ta kama sunansa. Didi ta ce, a hankali ta faɗa fa ba da gatse ba, "Na sani. Amma ai ya riga ya tafi Kesar, me sunan zai rage masa yanzu?"

Ban taɓa jin irin ƙarar da Mammi ta yi ba, ba kuka ba ne, kamar an taka kare. Ta shure kujerar ta shige ƙarƙashin bargo tana rawar jiki. Tau-ji ya dawo da gudu ya ce fita, fitar mana daga gida, wadda ke kiran mijinta kamar ɗan aike ita za ta koya mana zaman takaba? Didi ta ɗauki jakarta ta fita. Na ce shi ke nan, na ƙara jawo jif da hannuna.

Ashe ba ta haƙura ba. Bhagirath ya ce ranar ko abinci ba ta ci ba, ta kira likitarta suka daɗe a waya, likitar ta ce ajiye kujerar nan, dabarar wasu ce a wata ƙasa, ke da kike zaune da su a ina matan nan suke faɗin abin da ke cikinsu? Didi ta ce a kan faifai mana, wajen tsintar tsakuwa, ba mai kallon idon wata. Likitar ta ce to ki tafi da faifai.

Da safe sai ga ta a ƙofarmu ta kama kunnuwanta biyu kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa, babbar mace da furfura. Ta ce wa Tau-ji, "Na yi laifi, bakina ya riga kaina. Ki yafe ni." Tau-ji ya rasa inda zai sa fuska, ya ce wa matarsa gaya mata ni namiji ne. Didi ta ce ka ba ni zuwa yankan alkama, in ba ta ci abinci da hannunta ba ni zan riƙe muku ƙofar jif. Ya ce ke kika faɗa.

Ta shiga ta zauna a gefen Mammi, ba a gabanta ba, ta zuba shinkafa a faifai ta fara tsinta. Ta ce Kesar jiya na taka ki, ban sani ba, ba zan sake ce miki ki kira kowa ba. Shi ke nan ta yi shiru. Papita Didi fa, shiru! Sai ƙarar tsakuwa a gwangwani, ƙwas, ƙwas. Da za ta tafi ta tambayi Mammi kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta, na ji kamar in toshe mata baki, ana faɗin wannan? Mammi ta ɗan kalli rumbu. Kallo ɗaya. Didi ta tashi ta shiga ta kwaso duk maganin feshin gona ta ɗora a kai ta tafi da shi gidanta, ta ce wanda ke son feshi ya je wurin Bhagirath. Ni kuma ta ce kar in bar ta ita kaɗai, in na gaji in kira matar Tau-ji, kuma ni ma in zo in zauna da ita wata rana don ta ga idona.

Haka ta yi ta zuwa. Ta raka mu wajen likitar da ke zuwa ranar kasuwa aka ba Mammi ƙwaya ƙarama. Kullum aiki ɗaya tak take bar mata, yau ki zuba wa shukar ƙofa ruwa, gobe ki taɓa bayan ɓauna kawai ba sai kin tatsa ba, jibi ki zauna a rana har inuwa ta taɓa ƙafarki. Na ce Didi wannan wane irin magani ne? Ta ce in keke ya daɗe a jingine ba hawa ake fara yi ba, mai ake ɗiga masa. Mammi wata rana ta yi, wata rana ta ƙi. Hannunta ya fara shiga faifai, tsakuwa ɗaya, biyu. Amma abinci sai dai a tura, kuma alkama ta fara yin ja a gona, kullum na wuce sai na tuna da jif. Matan rijiya su ce Rajni yaya shinkafar taku, ta warke?

Rannan shinkafa ta ƙare, Didi ta ce kawo duk abin da ke akwai, ni kuma kaina ba ya tare da ni na ɗebo dal na zuba a faifai na ajiye a cinyar Mammi. Sai da na ajiye na ga abin da na yi. Na kai hannu zan ɗauke, Didi ta ɗan girgiza min kai. Mammi ta kalli faifan ta daɗe, ta sa yatsa tana juyawa, sai muka ji murya kamar daga cikin randa.

"Da na kira shi."

Didi ta ce Rajni je ki duba ɓauna. Mammi ta cafke wuyan hannuna ta ce, "Bar ta. Gara ta san wace ce uwarta."

Ta ce ta iso bakin gona da abinci a kai, ta tsaya kan tudun iyaka wajen bishiyar darbejiya, a idonta wayar ta tsinke ta faɗo, shi kuma ya ba ta baya yana ja yana matsowa. Ta yi ihu. Ta ce ji! ji mana! Ta ce baban Rajni! Ta ce kai mai gida! Bai juyo ba. Sunan ya zo mata har kan harshe, tana jinsa, harshen ya ƙi. Shekara da shekaru tana riƙe da shi don kar ta rage masa kwana. Ta ce mutum ko a cikin barci ya ji sunansa yana juyowa, da na faɗa sau ɗaya da yana nan. Ta ce na adana sunan na bar mutumin. Ta ce yaya zan sa abinci a bakin da ya ƙi buɗewa?

Ni ina ta kuka ina cewa ba laifinki ba ne Mammi, ba laifinki ba ne, ko kallona ba ta yi. Didi ba ta faɗi haka ba sam. Ta riƙe hannunta ta ce, "Wannan kika ɗauka ke kaɗai duk sanyin nan? Kai." Suka zauna. Can ta ce, "Kesar, injin ban ruwa yana aiki lokacin?"

Mammi ta ce yana yi.

"Shi yana ina, kusa da injin ko nesa?"

"Jikinsa."

Didi ta ce to, ta ci gaba da tsinta.

Sai da Didi ta yi magana da likitarta, sai da ta tambayi Mammi har sau nawa ko za ta iya komawa gonar, ranar farko ta ce a'a, Didi ta ce ba komai. Ana saura ban ruwan ƙarshe Mammi da kanta ta ce mu je. A hanya Didi ta ja ni gefe ta ce, "Za ki tsaya inda babanki ya tsaya ki ba mu baya, uwarki za ta kira sunanki. In kin ji ki juyo."

Na ce, "Didi in na ji fa? Ai sai in yi kamar ban ji ba."

Ta murɗe min kunne ta ce, "Ka yi min ƙarya in yanka ka in sa gishiri. Uwa tana gane bayan 'yarta in tana ƙarya. In kin ji kin ji, sai mu zauna mu ɗauki wannan ma tare. Ni ma ban san amsar ba."

Tau-ji na can zai ta da injin, bai san abin da ya kawo mu ba, ya ce yau kuma gonar za a yi wa surutu? An gyara wayar tuni. Ya ja hannun injin, tsohon injin dizal ɗin nan, fat fat fat fat, hayaƙi ya tashi ruwa ya ɓarke. Na ɗauki tiyo na tsaya jikinsa na juya baya. Ina jira. Ƙasa na rawa a tafin ƙafata, haƙorana na haɗuwa. Na kasa kunne iya ƙarfina, rabin zuciyata na roƙon kar in ji, ina jira ina jira, na ce me suke yi ne ba su fara ba? Har hannuna ya gaji. Sai na ji an dafa kafaɗata, Didi ce, ta nuna min bayana da yatsa. Na juya. Mammi na kan tudu mayafinta ya faɗi, bakinta a buɗe, jijiyar wuya a tashe, ashe tun ɗazu take ta kurma Rajni Rajni har muryarta ta dushe.

Na ruga na ce Mammi ban ji ba, na rantse da kan Papa ban ji komai ba! Ta ce ƙarya kike, kun haɗa baki da Kiristar nan. Didi ta ce madalla, haka nake so, kar ki yarda da kowa, je ki tsaya da kanki ni zan kira.

Mammi ta sauka. Ta je ta tsaya daidai wurin, ta ɗauki tiyo, ta ba mu baya. Didi ta hau tudu ta ɗaure zani ta tofa yawu ta cika ƙirji, ta saki muryar kasuwar kifi.

"KESAAAR!"

Tsuntsaye suka watse daga darbejiya. Kare ya fara haushi a ƙauye. Ta sake, ta sake, Kesar! Kesarbai! Kesar matar gidan nan! Mutanen gonakin gefe suka yar da lauje suka rugo, wani da igiya a hannu ya ɗauka an faɗa rijiya. Bhagirath ma daga baya ya ce yana gida ya miƙe tsaye don sabo. Kowa ya ji, kowa, sai mace ɗaya da ke tsaye jikin injin ta ba mu baya ruwa na zuba kan ƙafarta. Ko gezau.

Tau-ji ya kalli Didi ya kalli Mammi ya kalli falwaya. Ba wanda ya gaya masa komai, na ga fuskarsa ta canza, ya je ya kashe injin. Shiru ya sauko. Mammi ta juyo ta ga jama'a cike da bakin gona, ta ga Didi tana haki ta dafa gwiwa, ta ce da dusasshiyar murya, "Kin kira?"

Mai igiya ya ce, "Ta kira? Baiwar Allah, har kakata da ke lahira ta amsa!"

Mammi ta zauna daɓas cikin taɓo ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun sanyi, da majina da komai, tana dukan ƙasa. Wata ta ce a riƙe ta iskar ce ke fita, Didi ta ce ba mai taɓa ta, ku bar ta ta yi. Ta shiga taɓon ta zauna gefenta da zaninta mai kyau. Tau-ji ya juya baya yana goge fuska da rawani wai hayaƙin dizal ne.

Kar ku ɗauka ranar ta warke tas, Didi ta ce in na rubuta haka za ta fasa wayar da nake rubutun a kai. Da yamma rabin roti ta ci, amma da hannunta. Washegari ta ƙi tashi. Wata rana ta ce to da na yi gudu fa, da na jefa masa kwanon fa, suka koma kan faifai suka bi wannan ma ɗaya bayan ɗaya. Amma ta fara tatsa, ta fara yi min faɗa wai roti na kamar taswira, ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Rannan ta ce dankalin nan ya ishe ni, ɗora mai rawaya, kuma ba ta faɗi sunan ba, har yau ba ta faɗa, Didi ta ce nata ne ta riƙe abinta.

Aka gama yanka. Tau-ji ya riga ya yi magana da mai jif tun da daɗewa kuma shi mutum ne da in ya faɗi abu a gaban maza ba ya son a ga ya janye, sai ga jif da safe a ƙofa tana hon. Na aika a kira Didi. Tau-ji ya tsaya bakin tsakar gida yana gyaran murya yana kallon sama, ya ce to ai ko don a tabbata iskar ba za ta dawo ba, a je a kwana biyu.

Mammi na gaban murhu. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, don matar ƙani ba ta magana da yayan miji baki da baki, sai dai ta wani. Ta ce da ƙarfi, "Rajni, gaya wa Tau ɗinki ba inda za ni."

Yana tsaye nan fa, taku kaɗan. Na ce Tau-ji wai ba inda za ta.

Ya ce, "Gaya wa uwarki ba a gardama da manya."

"Rajni, gaya masa ya ce in ci abinci ya gani. Ce masa ya buɗe ido." Ta ɗaga gefen mayafi ta yagi roti ta dangwala ta kai baki, ta sake, ta sake, tana taunawa da ƙarfi har ana ji, ta suɗe kwanon ta ajiye ƙwal. "Tambaye shi a ƙaro ne?"

Didi ta shigo tana haki ta tsaya jikin ƙofa, ta naɗe hannu tana murmushi. Mai jif ya leƙo ya ce wace ce marar lafiyar ne? Matar Tau-ji ta nuna mijinta ta ce ga shi nan, ɗaure shi. Tsakar gida ta ɗauki dariya, shi ma gashin bakinsa ya fara rawa, ya ce ku mata kun haɗa min kai, to yanzu me zan ce wa mutumin nan ya taso tun daga gari?

Mammi ta miƙe ta wanke hannu ta ce, "Rajni, gaya masa yau ranar kasuwa ce, ranar ganin likitata. Tunda mota ta zo ta kai ni, ƙafata ta huta. Daga nan a sauke ki wajen mai ɗinki, zaman gida ya ishe ki haka."

Muka shiga, ni da Mammi da Didi a baya, Tau-ji a gaba ya ɗora hannu a taga kamar tun farko shi ya shirya haka. Matan rijiya suka ajiye tulu suna kallo, Mammi ta ɗaga musu hannu. Jif ta faɗa rami muka yi sama, Mammi ta riƙe ƙarfe ta ce Rajni gaya wa Tau ɗinki ya gaya wa direban nan mutane ya ɗauko ba buhunan alkama ba.